MOTOCIN ZAMANI DA MASU KUTSE: MAKULLIN YANA HANNUN WA?

A cikin shekarar 2015, wani ɗan jaridar ƙasar Amurka mai suna Andy Greenberg ya hau babbar hanya kusa da birnin San Luwis na jihar Misuri, yana tuƙa mota ƙirar Jeep Cherokee. Yana cikin gudun kimanin kilomita 110 a awa, sai na'urar sanyaya mota ta kunna kanta, rediyo ya canza tasha ya ƙure murya, abin share gilashi ya kama aiki. Jim kaɗan sai giya ta saki. Ya taka totur, injin ya yi ruri, amma mota ta ci gaba da rage gudu, ga kuma wata babbar kamiyo ta taso daga baya. Babu wanda ya taɓa motar da hannu. Mutane biyu ne, Charlie Miller da Chris Valasek, suke sarrafa ta da kwamfuta daga cikin wani gida mai nisan kilomita 16. Daga baya, a wani fili da babu jama'a, suka kashe birkin motar har ta gangara cikin rami.

Gwaji ne aka shirya, kuma ɗan jaridar ya san da shi. Labarin ya fito a mujallar Wired ran 21 ga watan Yuli. Bayan kwana uku, kamfanin Fiat Chrysler ya yi shelar kiran motoci miliyan 1 da dubu 400 domin a gyara su. Tun daga ran nan masu ƙera motoci da gwamnatoci suka daina ɗaukar wannan magana kamar tatsuniya. Tambayar da ta taso a lokacin har yanzu tana nan: wa yake riƙe da makullin motar da ke magana da intanet?

YADDA MOTA TA ZAMA KWAMFUTA

Motar da, ƙarfe ce da waya da mai. Direba ya taka birki, ƙarfin ƙafarsa ya bi ta cikin bututu ya isa ga taya. Motar yanzu kuwa tana ɗauke da ƙananan kwamfutoci masu yawa, a wasu manyan motoci har sukan kai ɗari. Wata tana kula da injin, wata da birki, wata da ƙofofi, wata da fitilu, wata da rediyo. Dukansu suna aika wa juna saƙo ta wata hanyar waya da ake kira CAN, wadda kamfanin Bosch na ƙasar Jamus ya fito da ita a shekarar 1986.

Hanyar tana da sauri, ga araha, ga ƙarko. Amma an tsara ta ne a zamanin da babu wanda ya yi tunanin baƙo zai sa baki a cikin maganar. Kowane saƙo yana ɗauke da lamba mai nuna abin da ya shafa, sai dai ba ya ɗauke da shaidar wanda ya aiko shi. Misalinsa kamar gidan da duk wanda ya tsaya a tsakar gida ya ɗaga murya ya ce a buɗe rumbu, sai a buɗe, ba a tambayi ko muryar maigida ce ba. Muddin gidan yana kewaye da katanga, babu laifi. Matsala ta soma ne sa'ad da aka huda katangar aka yi mata ƙofofi.

Ƙofofin su ne layin salula da ake dasawa cikin mota, da Bluetooth, da Wi-Fi, da manhajar da mai mota yake sa wa a wayarsa domin ya buɗe ƙofa ko ya tada injin daga nesa. An yi su ne domin amfani, kuma amfaninsu ba ƙarami ba ne. A Tarayyar Turai, tun ƙarshen watan Maris na 2018, doka ta tilasta wa kowane sabon samfurin mota ya kasance da na'urar da za ta kira lamba 112 da kanta idan an yi haɗari, ta faɗi inda motar take. Wannan yana ceton rai. Amma ƙofar da mai ceto yake shiga, ta nan ɓarawo ma yake leƙowa.

Abin da ya faru da motar Jeep ke nan. Rediyonta, mai suna Uconnect, yana haɗe da layin kamfanin waya na Sprint, kuma an bar wata kafa a buɗe ba tare da lambar sirri ba. Miller da Valasek suka shiga ta nan, suka sake rubuta umurnin wata ƴar na'ura da ke tsakanin rediyo da hanyar CAN, daga nan suka samu damar yin magana da giya da birki. Sun ƙiyasta cewa motoci wajen dubu 471 ne ake iya samu ta wannan kafa. Sun kuma sanar da kamfanin tun wajen wata tara kafin labarin ya fito.

Ba su ne farkon masu gargaɗi ba. A 2010 da 2011, malaman jami'ar Washinton da ta Kalifoniya da ke San Diyego sun nuna cewa ana iya ƙwace ikon mota ta layin waya, ta Bluetooth, har ma ta faifan waƙa da aka ɓoye wa mugun umurni. Amma su ba su faɗi sunan motar ba a lokacin, saboda haka maganar ta tsaya a tsakanin masana.

HAƊARIN YA KOMA OFIS

Kutse irin na Jeep aiki ne mai wuya, ya ci wa ƙwararru biyu watanni masu yawa. Abin da shekarun baya suka nuna shi ne akwai hanya mafi sauƙi. Maimakon a fasa mota ɗaya, sai a fasa ofishin da motoci dubbai suke karɓar umurni daga gare shi.

An ga alamar haka tun 2010 a birnin Ostin na jihar Teksas. Wani kamfanin sayar da motoci bashi yana dasa wa motocinsa na'urar da za ta hana injin tashi idan mai saye ya ƙi biya. Wani ma'aikaci da aka sallama ya yi amfani da lambar sirrin abokin aikinsa, ya hana motoci tashi, ya sa wasu suna ta busa ƙaho. Motoci fiye da ɗari abin ya shafa.  Lamba ɗaya ce kawai ta faɗa hannun mai fushi.

A 2024 wani mai bincike, Sam Curry, da abokan aikinsa suka gano rauni a shafin da dillalan motocin Kia suke aiki da shi a Amurka. Da lambar bayan mota kaɗai, cikin kamar daƙiƙa 30, suna iya sanin inda motar take, su buɗe ƙofarta, su tada injinta, su kuma ga sunan mai ita da adireshinsa. Raunin ya shafi motoci miliyoyi, kuma kamfanin ya toshe shi kafin a bayyana wa duniya. A farkon 2025 Curry ya sake bayyana irin wannan a kamfanin Subaru, inda ya tarar da tarihin duk wuraren da mota ta je na shekara guda cur.

Wannan ya kawo magana ta biyu, wato ta sirri. Motar da ke haɗe da intanet tana rubuta inda mai ita yake kwana, da asibitin da yake zuwa, da gidan da yake ziyarta, da lokacin da ya fita. A watan Disamba na 2024, mujallar Spiegel ta Jamus ta ba da labari cewa reshen kamfanin Volkswagen mai rubuta manhaja, Cariad, ya bar bayanan motocin lantarki kimanin dubu 800 a fili. A cikin masu motocin akwai ƴan siyasa, akwai kuma motocin ƴan sanda. Ga talaka wannan keta haddi ne. Ga hukuma kuwa batun tsaron ƙasa ne, domin wanda ya san inda motar babban ma'aikaci take kwana, ya san abin da bai kamata ya sani ba.

ƁARAYI SUN RIGA KOWA KOYO

Wajibi ne a auna maganar da sikeli na gaskiya. Yawancin manyan kutsen da aka ambata, masu bincike ne suka yi su, kuma sun sanar da kamfanoni domin a gyara. Hasarar da jama'a suke gani kullum ita ce sata.

Motocin da ake buɗewa ba tare da an sa makulli a ƙofa ba suna da rauni sananne. Ɓarayi biyu sukan zo da dare, ɗaya ya tsaya jikin bangon gida da na'urar da ke jawo siginar makullin da ke ɗaki, ɗaya ya tsaya jikin mota. Mota ta zaci maigidanta ne ya zo, ta buɗe, ta tashi. Akwai kuma sabuwar dabara. A 2022, a birnin Landan, an sace motar Toyota RAV4 ta wani masanin tsaron motoci, bayan ya tarar sau biyu an ɓamɓare gefen fitilarta ta gaba. Binciken da aka buga a 2023 ya nuna cewa ɓarayin sun bi ta wayar fitila ne suka isa hanyar CAN, suka aika saƙon ƙarya cewa makulli na gaskiya yana nan. Na'urar da ake wannan aiki da ita ana ɓoye ta cikin akwatin ƙaramar lasifika, ana kuma sayar da ita a ɓoye. Mai saye ba ya bukatar ilimi, danna maɓalli kawai zai yi.

A ƙasar Kanada an sace motoci fiye da dubu 105 a shekarar 2022, har gwamnati ta kira babban taro a kan batun a watan Fabrairu na 2024. An gano wasu daga cikin motocin a Gana da Najeriya, bayan an ɗauke su cikin kwantena ta jirgin ruwa. Ta haka kutsen da aka yi a Toronto yakan zama rigimar mai saye a Afirka ta Yamma, wanda ya biya kuɗinsa bai san tarihin abin da ya saya ba.

GYARA DA DOKA

Raunin manhaja yana da magani, wato a rubuta sabuwa a sa. Tambaya ita ce yaya maganin zai kai ga mota. A 2015 Fiat Chrysler ya aika wa masu motoci ɗan makullin USB ta gidan waya, ko kuma su kai motar garejin dillali. Duk wanda bai samu wasiƙa ba, ko ya yi sakaci, motarsa ta zauna da tsohuwar manhaja. A 2016 masu bincike na kamfanin Tencent na ƙasar Sin suka taka birkin motar Tesla daga nisan kilomita 19. Cikin kwana goma Tesla ya aika gyara ta iska zuwa ga motocinsa, masu su ba su je ko'ina ba.

Hanya ta biyu ta fi sauri, amma tana da nata farashi. Kamfanin da yake iya canza manhajar birki daga nesa, yana riƙe ke nan da makulli na biyu na kowace mota da ya sayar. A 2025 hukumar motocin safa ta birnin Oslo na ƙasar Norwe ta gwada wata sabuwar bas ta lantarki ƙirar Yutong, ta ba da sanarwa cewa kamfanin yana da hanyar shiga manhajar motar daga nesa, kuma a bisa ƙa'ida ana iya tsayar da ita ta wannan hanya. Ba a ce an taɓa yin haka ba, kuma motocin wasu ƙasashe ma suna da irin wannan hanya. A watan Janairu na 2025 Amurka ta kafa dokar hana manhajar Sin da ta Rasha cikin motoci masu haɗi da intanet daga samfurin 2027, kayan na'urorinsu kuma daga na 2030. Dokar tana da fuskar tsaro, tana kuma da fuskar gasar ciniki, amma ta nuna cewa manyan ƙasashe sun ɗauki makulli na biyun nan da muhimmanci.

Doka mafi faɗi ta fito ne daga Janeba. A watan Yuni na 2020 kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya mai daidaita ƙa'idojin motoci ya amince da ƙa'ida mai lamba 155 a kan tsaro daga kutse, da mai lamba 156 a kan sabunta manhaja. Sun ɗora wa mai ƙera mota nauyin ya auna haɗari tun daga zane, ya binciki kayan da yake saye daga wasu kamfanoni, ya kuma ci gaba da sa ido bayan mota ta bar masana'anta. Tarayyar Turai ta tilasta ƙa'idar ga sabbin samfura daga Yuli 2022, ga dukan sabbin motoci kuma daga Yuli 2024. Kamfanin Porsche ya janye motarsa Macan mai shan fetur daga kasuwar Tarayyar, domin gyara ta ya fi ƙarfin ribarta. Sai dai dokar ba ta komawa baya. Motocin da aka ƙera kafin ta suna nan kan hanya, kuma mafi yawansu za su tsufa ne a wasu ƙasashe.

INDA MAGANAR TA SHAFI ƘASASHEN SAHEL

Hukumar kare muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙirga cewa tsakanin 2015 da 2018, Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14 zuwa waje, kuma kashi 40 cikin ɗari sun zo Afirka. Shekara da shekaru, motocin da ake gani a Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa ta tashoshin ruwan Kwatano da Lome suka riƙa shigowa. Motar da aka ƙera yau a Turai ko Asiya da layin salula a cikinta, ita ce za ta iso kasuwa nan da shekara goma.

Za ta iso ne a lokacin da ta fi rauni. Ƙarfen mota yana iya yin shekara ashirin a hannun makaniki nagari, amma manhaja tana tsufa da wuri, kuma gyaranta yana hannun kamfani shi kaɗai. Wasiƙar kiran gyara tana zuwa adireshin mai motar na ƙasar da aka fara sayar da ita. Wanda ya saye ta a hannu na uku ko na huɗu ba ya cikin littafin kowa. Wani lokaci ma sunan mai ita na farko yana nan cikin manhajar, bai goge ba.

Gaskiya ne cewa da yawa daga cikin waɗannan motoci layinsu ya mutu. Kamfanonin wayar Amurka sun rufe hanyar 3G a 2022, motoci masu yawa suka daina magana da kamfanoninsu. Wannan ya rufe ƙofa ɗaya. Amma akwai wata da masu motoci suke buɗewa da hannunsu, ita ce ƴar na'urar bin sawun mota da ake ɗaurawa a kamiyo da motar haya da babur domin tsoron sata. Yawancinsu suna da layin salula, wasu kuma suna iya yanke mai daga nesa. A watan Yuli na 2022 kamfanin bincike na BitSight ya bayyana raunuka masu tsanani a irin wannan na'ura ƙirar MiCODUS MV720, wadda kuɗinta bai wuce kimanin dalar Amurka 20 ba. A lokacin, na'urorin kamfanin wajen miliyan 1 da rabi ne suke aiki a ƙasashe 169, kuma lambar sirrin da suke zuwa da ita daga masana'anta ita ce 123456. Wanda ya shiga yana iya bin sawun mota, yana iya yanke mata mai tana cikin tafiya. Ɗan kasuwan da ya sayi na'urar domin ya tsare kamiyonsa, in bai canza lambar ba, ya nuna wa ɗan fashi hanyar da kayansa suke bi.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Wasu tsagogin mai mota yana iya liƙe su da kansa. Ya canza lambar sirrin duk na'urar da aka ɗaura masa tun ranar farko, kada ya bar ta a hannun wanda ya ɗaura. Idan ya sayi tsohuwar mota, ya sa a goge wayoyi da sunayen da ke cikin rediyonta, ya kuma sa a duba lambar jikinta ko tana cikin waɗanda aka kira gyara ko waɗanda aka sace. Makullin da ke buɗe mota daga nesa a ajiye shi nesa da ƙofar gida, cikin gwangwani mai murfi. Sandar ƙarfe ta kulle sitiyari ma har yanzu tana aiki, domin babu saƙon ƙarya da ke buɗe ta.

Sauran nauyin na hukuma ne. Ma'aikatar da za ta sayi motoci ko bas, ya kamata ta sa tambayoyi uku cikin takardar ciniki: wa ke iya shiga motar daga nesa, a wace ƙasa ake ajiye bayanan tafiyarta, shekara nawa kamfani zai yi yana aiko gyaran manhaja. Na'urar bin sawu a motar gwamnati ko ta asibiti kada a saye ta saboda araha kawai, kuma ma'aikacin da ya bar aiki a soke lambarsa a ranar. Makarantun koyon sana'a su ƙara wa ɗaliban makanikanci ilimin lantarki da na kwamfuta, domin garejin da ba ya iya karanta manhajar mota ba zai iya kare ta ba. Nijar ta kafa dokar hukunta laifuffukan intanet a 2019, kuma shiga na'urar wani ba da izini ba laifi ne a ƙarƙashinta. Amma doka tana kama mai laifi ne bayan ɓarna ta auku. Tsare mota tun kafin ɓarna aikin mai ƙerawa ne, da mai shigowa da ita, da mai saye.

Ƙasashen da ke ƙera motoci sun sha wannan darasi da kiran gyara na miliyoyin motoci da dokoki sababbi. Ƙasashen da ke sayen motocin a ƙarshen rayuwarsu suna da ƴan shekaru na shiri kafin samfuran yau su cika kasuwanninsu. A da, mai sayen mota yakan duba injin da taya da takardu. Yanzu sai ya ƙara da tambayar makulli nawa motar take da su, da kuma hannun da kowanne yake ciki.